Godiya ga Abokan Gyaran Baiti na Tasawa da Mayahi

 Waƙar tarihin da na daɗe ina fama da ita ta kammala. Kamar yadda marubuta suka saba, sunana ne zai zo a baitin rufewa, amma hannayen da suka taɓa ta suna da yawa. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa nake son in sauke wannan bashi kafin waƙar ta shiga kunnen jama'a.

Mu da muke gyara wa juna waƙa, babu wanda ke ci da ita a cikinmu. Akwai malamin lakwal, akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu, akwai malamin allo, kuma da damina dukkanmu manoma ne. Wasu na cikin garin Tasawa, wasu na Maijirgi da Korgom, wasu kuma can wajen Mayahi da Kanembakashe. Wanda ke kusa yakan zo fada da kayansa bayan la'asar, a ɗora shayi, ya karanta. Na nesa yakan rera a waya mu saurara. Lakwal ta koya mana Faransanci, ba ta koya mana auna baitin Hausa ba. Makarantar allo ta ba wasunmu kunne ta hanyar Ishiriniya da sauran ƙasidun bege, amma ba ta zaunar da mu kan ƙa'idar rubutun boko ba. Abin da ya rage mana shi ne junanmu, kuma Allah Ya sa hakan ya wadatar.

Baba Malam, da kai zan fara, domin kai ne ka ba ni awo. Ba ka taɓa karɓar takarda daga hannuna ba. Kullum cewa kake, “Rera, ɗana, in ji.” Ina rerawa kana buga yatsa a gwiwa, inda yatsan ya tsaya nan ɗango ya karye. Daga bakinka na fara jin cewa gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi, kuma karin Mutaƙarab da na ɗora waƙar a kansa yana tafiya ne da marar nauyi ɗaya sannan masu nauyi biyu. Na tuna ranar da ka cire “gero” daga farkon wani ɗango ka sa “hatsi”, nan take ɗangon ya miƙe, ma'ana kuwa ba ta motsa ba. Kai ne kuma ka hana ni sakin babban amsa-amo a tsakiyar hanya, ka ce wanda ya zaɓi harafi a baitin farko ya ɗauki alkawari, dole ya riƙe shi har baitin ƙarshe. Daga baya wani ɗalibi ya zo mana da littafin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, muka tarar da sunayen abubuwan da ka riga ka koya mana da yatsa. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sai kai, Kawu na Maijirgi. Waƙar tana ba da labarin ayarin Voulet da Chanoine, sojojin Faransa da suka ratsa ƙasar nan a 1899 suna ƙone garuruwa, daga Birnin Ƙonni har suka iso yankinmu. Kai ka tashi kusa da kaburburan Voulet da Chanoine, ka ji labarin daga bakin tsofaffi. Ka zauna da ni muka jera al'amuran daki-daki: ɓarnar da aka yi wa mutanen garuruwanmu, harbe Laftanar-Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Dankori ranar 14 ga Yuli, sannan mutuwar shugabannin biyu a hannun sojojinsu cikin kwanakin da suka biyo baya. Amma babbar kyautarka ita ce tambayar da ka yi mini: “Waƙar nan ta Nasara ce ko ta mutanenmu?” Ka nuna mini baitocin masu bindiga sun rinjayi na waɗanda aka kashe da waɗanda suka watse cikin daji. Saboda wannan tambaya matan da aka kora da ƴaƴansu suka samu wurinsu a tsakiyar waƙar, can inda ya dace da su.

Yaya Hajiya ta Mayahi, ke ce mai almakashi. Shekarun da kika yi kina koyar da karatun manya sun sa kin san inda hankalin mai sauraro yake tsinkewa. Kin saurari waƙar daga farko har ƙarshe ba ki katse ni ba, sannan kika lissafo baitocin da ba su ƙara komai ba face tsawo. Da na nuna ina son su, kika ce in dubi sassaben zamani da manoman jihar Maradi suka runguma tun shekarun 1980: kututture yakan fito da tofo da yawa, mai gona ya zaɓi ƴan ƙarfafa ya bari, ya datse sauran, da haka gawo da kalgo suka dawo gonakinmu. Na datse, waƙar ta tashi. Ke ce kuma kika tsaya wa Hausarmu. Lokacin da wasu suka so a wanke kowace kalma ta koma irin ta Kano, kika ce a bi ƙa'ida wajen rubutu, amma kada a kori kalmomin da kakanninmu suka yi kuka da su daga waƙar da ke ba da labarin kukan nasu.

Mushe, na gode da jan bik ɗinka. Kai ka bi rubutun layi-layi, ka mayar da ƙugiya kan kowace ƙ da ɗ da ɓ, ka raba kalmomin da suka manne, ka haɗa waɗanda suka rabu. Aiki ne da ba a tafa wa, ka yi shi da dare bayan ka gama duba takardun ɗalibanka, ba ka karɓi ko dala ba.

Ku kuma ƙannena matasan fada, kada ku ɗauka naku ƙarami ne. Wanda ya ɗaga hannu ya ce, “Yaya, nan ban gane ba,” ya yi mini aikin da masana ba za su iya ba, domin masani yakan cike giɓi da saninsa ya wuce. Mai zazzaƙar muryar nan da ke karɓar kowane sabon baiti ya rera, shi ya nuna mana wuraren da numfashi ke ƙarewa kafin ɗango ya ƙare.

Abin da ya fi komai ɗaure mini zuciya shi ne ladabin da kuke gyara da shi. A wurinmu ba a cewa waƙa “ta yi kyau” a yi shiru, sai an faɗi inda ta yi kyau da dalili. Ba a cewa “ta karye” sai an nuna gaɓar da ta karya ta. Ana gyara baiti, ba a taɓa mutuncin mai shi, kuma abin da aka faɗa a zaure ba ya bin mutum kasuwa. Hukuncin ƙarshe na mai waƙa ne, in ya ga dama ya karɓa, in ya ga dama ya bari, ba mai fushi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yabo yana da arha, kowa na iya ba ka shi a bakin hanya. Mai zama ya ƙirga maka gaɓoɓi kuwa lokacinsa ya ba ka, kuma ya ɗauki kasadar ɓacin ranka don yana son aikinka ya tsaya da ƙafarsa.

Wannan hanya ba mu muka fara ta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, waƙa ɗaya ta bi hannu uku a gida ɗaya. A Kano, ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu sun tara marubuta suna karanta wa juna waƙoƙi. Mu ba mu kai ƙurarsu ba, amma sawunsu muke bi. Yanzu kuma da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, za a nemi littattafai da waƙoƙin da za a sa a hannun yara, kuma irin wannan zama na gyaran juna ne zai samar da masu rubuta su da inganci.

Ba ni da abin biyanku, sai alkawari ɗaya: duk yaro ko yarinyar da ya kawo mini baitinsa na farko, zan zauna da shi kamar yadda kuka zauna da ni, in saurara har ƙarshe, in gaya masa gaskiya cikin mutunci. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenku, Ya albarkaci zuriyarku da alƙalumanku, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a Tasawa da Mayahi da ƙasa baki ɗaya. Amin.