Sawun Da Na Je Nema A Sarandib



Ya 'yan uwana matasa, duk wanda ya ce zai je Siri Lanka, abin da za a fara lissafa masa shi ne bakin teku da gonakin shayi da giwaye. Ni kuwa abin da ya kai ni wannan tsibiri, wanda Larabawan da suke kira Sarandib, wani dutse ne da na ga labarinsa a littafin tafiye-tafiyen Ibn Batuta. Ya hau shi a 1344, shekara 9 kafin ya biyo ta Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yau, inda har ya ambaci Gobir. A ƙololuwar dutsen akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buda sun ce na Buda ne, Hindu sun ce na Shiba ne, Musulmi kuma tun da daɗewa suna jingina shi ga Annabi Adamu (AS), saboda ruwayoyin da malaman tarihi irin su Ɗabari suka kawo cewa a can ya sauka.

Tsayin dutsen mita 2,243 ne, matakalarsa kuma ta haura 5,000. Da tsakar dare ake fara hawa, don a riski fitowar rana a sama. Na bi ayarin tsofaffi da mata masu goyo, wasunsu ba takalmi, ina hutawa a rumfunan masu shayi, gwiwoyina suna rawa. Ibn Batuta ya ba da labarin sarƙoƙin ƙarfe da mutane ke kamawa a wurin da hawan ya yi tsanani, ya ce ta ƙarshensu ana danganta ta da Kalmar Shahada, don wanda ya isa gare ta ya leƙa ƙasa, tsoro kan sa ya ambace ta. Ban yi masa musu ba.

Da alfijir ya keto sai na sami kaina cikin wani hali. Jama'a duka sun juya gabas suna jiran rana. Bahaushe kuwa tun yana yaro in an ce ya duba gabas ya san salla ake nufi, amma a Sarandib alƙibla tana arewa maso yamma. Na raɓe a gefen matakala, na shimfiɗa rigar sanyina, na ba wa rana baya na yi Asuba. Babu wanda ya tsangwame ni. Sawun kansa yana cikin ɗakin bautar mabiya Buda, a lulluɓe, mutane suna sunkuya masa. Na tsaya daga nesa na kalla. Babu ingantaccen hadisi da ya tabbatar da cewa sawun Annabi Adamu ne, kuma ko da nasa ne, ba a umarce mu da neman tabarruki da shi ba. Na san haka tun kafin in baro gida, amma na kwana ina hawa.

Daga nan na leƙa wuraren da 'yan yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba. Na ga masallacin Kecimalai a Beruwala, fari fat a kan wani tudu da ya kutsa cikin teku, a garin da ake lissafawa cikin matsugunan Musulmi na farko a tsibirin. A Kandi na shiga gidan tunawa da Ahmad Urabi, jagoran sojan Masar da Ingilishi suka kora zuwa tsibirin, ya zauna a cikinsa daga 1883 zuwa 1901.

Amma wurin da ya hana ni barci shi ne Kattankudi, wani gari a gaɓar gabas kusa da Battikalowa, wanda kusan duk mazaunansa Musulmi ne. Ranar Juma'a, 3 ga Agustan 1990, lokacin yaƙin basasa, 'yan bindiga suka shiga masallatan garin ana sallar Isha'i suka buɗe wuta. An kashe mutum 147, manya da yara. An ɗora alhakin a kan 'yan tawayen Tamil Tigers, waɗanda wata biyu bayan haka suka kori dubban Musulmi daga arewacin ƙasar. Mutanen garin ba su shafe ramukan harsasan da ke jikin bangon masallacin Mira ba. Na ji kunya ƙwarai, domin na haddace labarin sarƙoƙin Ibn Batuta na shekara ɗari shida da wani abu, amma ban taɓa jin sunan wannan gari ba sai da na sauka ƙasar.

Akwai kuma abin da amana ba za ta bar ni in ɓoye ba. Wanda ya jagoranci hare-haren bama-bamai na ranar Ista, 21 ga Afrilun 2019, inda aka kashe fiye da mutum 250 a coci-coci da otal-otal, ɗan wannan garin ne. Yana yaro aka zubar da jinin masu sujada a garinsu, ya girma ya aika matasa su kashe wasu a wurin ibadarsu. Musulmin ƙasar, waɗanda kimanin kashi 10 cikin 100 ne na jama'a, su suka sha zargi da tsangwama bayan haka.

Wani dattijo ne ya zagaya da ni cikin masallacin. Shi Tamilanci yake ji, ni ba na ji, sallama kaɗai muka haɗa. Ramukan da yawa suna ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mutumin da ya durƙusa. Ya kai ni gaban jerin sunayen mamatan, ya ɗora yatsa a kan wani suna, sannan ya dafa ƙirjinsa. Na ce, "Baba, Allah Ya jiƙansa." Ya gane sunan Allah, ya ce amin. Ana cikin haka ladan ya kira La'asar, ya kama hannuna ya ja ni sahun gaba, dab da bangon.