Fasinjan Da Bai Shiga Lissafi Ba

Wani saurayi ɗan Zangon Agege da ke karatun tsara birane ya sami aiki daga malaminsa: ya binciko yawan mutanen da ke hawa mota a Ikko kowace rana, da inda suke fitowa, da inda suke dosa. Ya ɗauka abin ba zai wuce yini biyu ba.

Ai kuwa yana da hujja. Tun 2002 Gwamnatin Jihar Legas ta kafa hukumar LAMATA don tsara sufuri. A 2008 manyan bas na BRT suka fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS. A 2023 jirgin ƙasa ya soma jigila daga Marina zuwa Mile 2. Da katin Cowry ake biyan kuɗin hawansu, na'ura kuwa tana rubuta tasha da lokaci duk sa'ad da aka ɗora kati.

Ofishin da ya je an karɓe shi da mutunci, aka nuna masa alkaluma. Ya koma gida yana murna. Da dare yana dubawa, sai ya tuna da mahaifinsa.

Tsohon ya fi shekara ashirin yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Kullum kafin asuba yake fita, don ya riski manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa. Danfo yake shiga, ya miƙa wa kwandasta kuɗi a hannu, ya sauka, ya sake shiga wata. Ranar da mota ta yi wuya, ya tarar an rabe kaya mai kyau. Duk wannan zirga-zirga ba ta bar ko ɗigo a takardun ba.

Washegari saurayin ya bi shi tasha da littafi da biro. Ya tsaya yana ƙirga motoci, yana tambayar fasinjoji inda za su. Wani dattijon ɗan kamasho ya dube shi ya ce, "Ɗana, da ka tambaye ni tun farko. Na san ranar da kasuwa ke ci daga cikar motar farko."

Nan ya gane cewa lissafin yana nan, amma a kawunan direbobi da 'yan kamasho yake, ba wanda ya rubuta shi. Kati yana ƙirga mai kati ne kaɗai. Sauran jama'a sai an bi su tasha-tasha da gida-gida ana tambaya, aikin da ke cin kuɗi da lokaci.

Abin da ya dame shi shi ne, da alkaluma ake yanke shawarar inda za a shimfiɗa sabon layi. Wanda ba a ƙirga ba, da wuya a tuna da shi ranar rabo.

Mako guda ya yi yana sammako. A shafin farko na rahotonsa ya rubuta lokacin da mahaifinsa ke barin gida, da yawan motocin da yake shiga kafin ya isa kasuwa.