Gonar da Na Hana a Saya wa Marayu

Ni ne na hana a saya wa marayun yankinmu gona. Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara in faɗa da bakina.

Muna da ƙungiya ta 'yan asalin Gaya da Ajingi mazauna birnin Kano. Akwai 'yan kasuwar Kwari da Singa, da direbobi, da malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati irina, kuma ni ne ma'aji. Gab da azumin 2022 asusun marayu ya yi kauri fiye da yadda muka saba, saboda wani ɗan'uwa ya yi sadaka mai tsoka bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sai wani dattijo mutumin ƙasar Ajingi ya kawo shawara. Ya ce akwai gonar sayarwa wajen Toranke, a saya a yi hubusi da ita, a riƙa ba da ita noma, abin da aka samu na gero da gyaɗa da wake ya riƙa ɗaukar karatun yaran duk shekara.

Na miƙe na yi ta jero hujja. Na ce yunwa ba ta jiran kaka. Na ce gona rigima ce, gobe magada su taso. Na ce ba a jinkirta zakka. Dattijon ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, zakka a raba ta yau, ban hana ba. Amma yawancin kuɗin nan sadaka ce, ka duba littafinka." Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce tun a lokacin. Amma ni ke riƙe da littafin, ni na iya tsara magana, sai jama'a suka bi ni.

Akwai abin da ban faɗa a taron ba. Ina son ranar rabo. Ina son layin yara, da shadda da atamfa a hannunsu, da addu'ar iyaye mata, da hotunan da za su zaga WhatsApp har wanda ya ba da kuɗi ya ga inda suka shiga. Gona ba ta da irin wannan ranar. Shekara guda sai a wuce ba wanda ya ce maka sannu.

Muka raba shinkafa da mai da sukari da kayan salla. Ragowar na bar ta a banki don ko-ta-kwana, ina ganin na yi dabara. Sai canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta wuce 1,500. Lambar da ke cikin asusu ba ta ragu da ko kwabo ba, amma buhunan da za ta saya ba su kai rabin na da ba. Shi kuwa hatsi, wanda da muna da gona shi za mu girbe, sama ya yi ta yi.

Asarar kuɗi da sauƙi. Wata bazawara a ƙauyen Gaya, wadda 'ya'yanta ke cikin jerinmu, 'yarta ta gama ƙaramar sakandare da sakamako mai kyau. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, amma kayan makaranta da littattafai da kuɗin mota suna nan a wuyan uwa, ga kuma tallar da yarinya ke yi wadda da ita ake ɗora tukunya. Ba wanda ya tsaya wa uwar ya ce mun ɗauki shekaru uku masu zuwa, domin ba mu da abin da za mu jingina alkawarin a kai. Aka cire yarinyar aka aurar. Ƙanenta yana turin baro a birni. Jami'ar Aliko Dangote tana nan Wudil, a kan hanyar da muke bi duk za mu gida, kuma yarinya ce da za ta iya shiga.

Bayan haka ne na zauna gaban malamai na tambayi abin da ya kamata in tambaya tun farko. Da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, shawarar da Manzon Allah (SAW) ya ba shi ita ce ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Da dukiyar wakafi, wato hubusi, aka rayar da Azhar ƙarni bayan ƙarni. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ta buɗe ƙofar sosai: ana hubusin dabba, ana hubusi na ƙayyadadden lokaci. Sharaɗin da take tsanantawa shi ne abin ya fita daga hannun mai shi tun yana da rai da lafiya, in ba haka ba ya koma gado. Kano kuma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ban taɓa tunanin zuwa neman shawara ba.

Tsorona na magada ba ƙarya ba ne. An sha ganin filin makaranta ya koma shaguna bayan mai kyautar ya rasu, an sha ganin mai kula ya mayar da amana tasa. Sai dai maganin sananne ne: rubutu, shaidu, sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, tabbatarwa a kotun shari'a, da lissafi a gaban jama'a duk kaka. Ni na ɗauki tsoron na fake da shi.

Na nemi gafarar dattijon a gaban taron da na ƙaryata shi, na kuma roƙi a daina barin asusu a hannun mutum ɗaya. Yanzu asusu biyu ne, na zakka da ake rabawa nan take, da na hubusi da ba a taɓa asalinsa. Kuɗin da suka rage ba su isa gona ba, sai muka sayi awaki a kasuwar Juma'a ta Wudil muka ba zawarawa kiwo. Uwar akuya ba a sayar da ita, in ta tsufa a musanya ta, 'ya'yan kuma na karatun yaran gidan ne. Sunayen da ke jira sun fi awakin yawa nesa ba kusa ba, don haka muka fara da gidajen da ke da 'yan mata a aji uku na ƙaramar sakandare, domin a nan ne ake cire su.