Sunan da gari ya raɗa

Ya kai mai karatu, ina so mu yi shawara ni da kai a kan wani wasan kwaikwayo na talabijin, wanda labarinsa ba ƙage ba ne.

A shekarar 2006 gidan talabijin TF1 na ƙasar Faransa ya nuna wasan nan kashi biyu. Labarin wata mata ce mai suna Marie Besnard, mutuniyar garin Loudun. Muriel Robin ce ta fito a matsayinta, kuma ta iya ƙwarai, har ta samu kyautar Emmy a 2007.

Ga yadda abin ya faru. A 1947 mijin Marie, mai suna Léon, ya rasu bayan ɗan ciwo. Sai magana ta fara yawo cikin gari, wai kafin ya cika ya ce matarsa ta zuba masa wani abu cikin miya. Daga kunne zuwa kunne, har ta kai ga hukuma. Aka tone kabarinsa, likita ya ce ya ga arsenik a jikin gawar, wato irin gubar da ake kashe ɓeraye da ita. Daga nan aka bi kaburburan dangi ana tonewa. A 1949 aka kama ta, aka ce ta kashe mutum 12, har da uwarta da ubanta da surukanta, don ta ci gado.

In kai ne alƙali, ai ka gama hukunci, ko ba haka ba? To, dakata tukuna. Sau uku ana shari'a: a Poitiers a 1952, sannan a Bordo a 1954 da 1961. Lauyoyinta suka nuna cewa an yi sakaci da kwalaben da aka sa abin awo ciki. Waɗansu masana kuma suka ce ƙasar maƙabartar kanta tana da arsenik, kuma yana iya shiga gawa bayan an binne ta. Ita ko ba ta taɓa amsa laifin ba. Ranar 12 ga Disamba 1961 kotu ta wanke ta, bayan ta yi kusan shekara biyar a gidan kaso. Ta rasu a 1980.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan wasan. Da Faransanci an sa masa "Marie Besnard, l'empoisonneuse", ma'ana mai sa wa mutane guba. Ka lissafa da kanka: shekara 45 bayan kotu ta sallame ta, sunan da gari ya raɗa mata shi aka rubuta. Alƙali ya wanke ta, amma bakin mutane bai wanke ta ba. Gaskiyar Hausawa, magana zarar bunu ce.

Mu ma a garuruwanmu mun san irin wannan. Mutum ya kwanta dare ɗaya ya rasu, kafin a share makoki an fara nuna kishiya ko matar uba da baki. Ba a kai shi likita ba, ba wanda ya san ciwon, amma kowa ya san mai laifi. Ita da ƴaƴanta su ke nan cikin kunya har abada.

Ban ce ba a sa guba a duniya ba. Ana yi, kuma in akwai shaida, wajen hukuma za a kai ta. Amma in ji kawai ka yi, ɗan'uwa, kama bakinka. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.