Tsatsar da Ke Ƙarƙashin Fenti

Shekara 20 akori-kurata, Peugeot 504 haɗin Kaduna, tana jigilar masara da takin zamani tsakanin Malumfashi da Funtua, har taki da laimar damina suka cinye ƙasanta. Na roƙi mai walda ya rufe wurin da fenti kawai.

Ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ce, "Baba Fasto, fenti ba ya kashe tsatsa. Sai an yanke ruɓaɓɓen, an ɗora sabo."

Na yi shiru. Shekara uku ke nan ina gaisawa da ƙanena a majami'a cikin fara'a, alhali rikicin gonar gado yana cin zuciyata. Da yammar ranar na nufi gidansa neman gafara.

Ya Ubangiji, ka kankare ni, kada ka bar ɓoyayyen ruɓa a cikina.