Taurin Kai Ya Gina Gidan Williams, Taurin Kai Ya Sa Aka Sayar Da Shi

A cikin dukan wasannin da Turawa suka ƙago, da wuya a sami wanda ya kai tseren motoci na Formula 1 cin kuɗi. Doki in ya sami dawa da harawa, ya sha kanwa, ya isa shiga sukuwa. Ita kuwa motar tsere sai an tara injiniyoyi da makanikai ɗaruruwa, su shekara suna ƙira suna gwaji, sa'an nan a fito da motoci biyu tak waɗanda za su zaga duniya suna karawa da na sauran ƙungiyoyi. A kowane tsere akan ba da maki ga waɗanda suka zo gaba gaba, in shekara ta ƙare a haɗa lissafi a ba da kambu biyu, ɗaya ga direba, ɗaya ga ƙungiyar da ta ƙera motar. Saboda tsadar abin, galibi manyan kamfanonin motoci da hamshaƙan attajirai ne ke iya jure wa wannan fage. Amma akwai wani mutumin Ingila, Frank Williams, wanda ya shige shi da aljihu wayam, ya kafa ƙungiyar da ta ci kambun masu ƙira sau 9, na direbobi sau 7. Labarinsa ya isa a tsaya a duba, domin halin da ya ɗaga gidansa sama, shi ne dai daga baya ya miƙa gidan ga baƙi.

An haifi Frank Williams ran 16 ga Afrilu, 1942, a garin South Shields na arewa maso gabashin Ingila. Tun yana saurayi son mota ya kama shi, har ya riƙa yawon tallar kayan masarufi kanti kanti don ya tara abin da zai shiga tsere da shi. Da ya ga tuƙin nasa ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya koma saye da sayar da motocin tsere da kayan gyaransu, ya kafa ɗan kamfaninsa cikin 1966. A 1969 ya sayi mota ƙirar Brabham, ya ɗora amininsa Piers Courage a kanta, suka shiga Formula 1. Abin mamaki, sau biyu Courage yana zuwa na biyu a wannan shekara, a Monako da kuma Amurka. Murna ba ta daɗe ba. Cikin watan Yuni na 1970, a tseren ƙasar Holan, motar Courage ta kauce daga hanya ta kama wuta, ya mutu a ciki yana da shekara 28.

Wani da ya ga haka sai ya tattara nasa ya nasa ya nemi wata sana'a. Shi kuwa Williams ya zauna daram. Shekaru biyar da suka biyo baya ya yi su ne cikin bashi da kunya. Motocinsa galibi suna can ƙurya, masu bin sa kuɗi suna sintiri a ƙofarsa. Har ta kai aka yanke masa wayar ofis don ya kasa biya, ya koma yana gudanar da harkokin ƙungiya daga ɗakin wayar tarho na bakin titi. A 1976 wuya ta kai wuya, ya sayar da kashi 60 cikin ɗari na kamfaninsa ga Walter Wolf, wani attajirin Kanada mai harkar man fetur. Kafin shekara ta zagayo sai ga shi ya zama bara a gidan da ya gina, an karɓe ragamar tsere daga hannunsa an ba wani. Wannan wulaƙanci ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya yi daga baya, domin bai sake yarda wani ya riƙe masa linzami ba har tsufansa.

Cikin 1977 ya bar wa Wolf gidan, ya fita da wani matashin injiniya mai suna Patrick Head. Suka kama hayar wani tsohon sito na darduma a garin Didcot, suka kafa sabuwar ƙungiya, Williams yana da kashi 70, Head yana da 30. Rabon aikinsu a fili yake: Head ya ƙera mota, Williams ya nemo kuɗi. Kuɗin kuwa daga inda ba a zata ba ya fito, watau ƙasar Saudiyya. Kamfanin jiragen sama na Saudia, wanda alhazai suka sani sarai, ya yarda a rubuta sunansa a jikin motar, wasu 'yan kasuwar ƙasar kuma suka biyo baya. Motar ta fito fara da ratsin kore.

A 1979 Head ya fito da motar da aka kira FW07. An tsara ƙarƙashinta ta yadda iskar da ke ratsawa za ta riƙa janyo ta ƙasa, ta manne da kwalta, don haka tana iya shan kwana da gudun da zai watsar da wata motar. A Silverstone, a gaban mutanen Ingila, Clay Regazzoni ya ci wa ƙungiyar tserenta na farko, shekara goma cif bayan shigar Williams wannan fage. Alan Jones, mutumin Ostareliya, ya ƙara guda huɗu kafin shekara ta ƙare. A 1980 Jones ya zama zakaran duniya, ƙungiya ta ɗauki kambun masu ƙira, ta kuma sake ɗauka a 1981. A 1982 Keke Rosberg na ƙasar Finlan ya ci kambun direbobi. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana.

Ana cikin wannan ganiya, cikin watan Maris na 1986, Williams ya baro filin gwaji na Paul Ricard a kudancin Faransa, yana sauri ya kama jirgi. Motar haya da yake tuƙawa ta ƙwace, ta wuntsila cikin gona, ƙashin wuyansa ya karye. Mutumin da ya saba yin gudun mil da yawa kowace rana don motsa jini, sai ga shi jiki ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa. Likitoci ba su sa rai zai tashi ba. Matarsa Virginia ta tsaya tsayin daka a kansa, ita ce kuma ta hau dandamali ta ɗaga kofi a madadinsa sa'ad da Nigel Mansell ya ci tseren Ingila a wannan bazara. Daga baya Williams ya komo bakin aiki a keken guragu, a cikinsa kuma ya shugabanci ƙungiyar fiye da shekara talatin.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da ɗaya fuskar halin nasa. A wurin Williams da Head, ƙungiya ita ce uwa, direba kuwa ɗan ƙodago ne, yau yana nan gobe ya wuce. A 1986 suna da mota mafi gudu, mai injin Honda, da direbobi biyu gwanaye, Mansell da Nelson Piquet na Birazil. Suka ƙi fifita ɗaya a kan ɗaya, aka bar su suna ƙwacen maki a tsakaninsu. Ƙungiya ta ci tsere 9 cikin 16, amma a tseren ƙarshe a Adelaide tayar Mansell ta fashe, Alain Prost na ƙungiyar McLaren ya lallaɓo ya ɗauke kambun direbobi. A 1987 Piquet ya ci, amma dangantaka da Honda ta riga ta yi tsami. Mutanen Japan sun so a ba wani direba ɗan ƙasarsu gurbi, Williams ya ƙi. Honda ta kwashe injinanta ta kai wa McLaren, wadda ta ci tsere 15 cikin 16 a 1988, Williams kuwa ko ɗaya ba ta samu ba.

Duk da haka ƙungiyar ta sake miƙewa. Ta ƙulla da kamfanin Renault na Faransa a 1989, ta kuma ɗauko Adrian Newey, gwanin sanin yadda iska ke bin jikin mota. Motarsu ta 1992 tana da kwamfuta mai daidaita tsayinta daga ƙasa a kowane taku, ko a kwana ko a gargada. Da ita Mansell ya ci tsere 9 ya zama zakara. To, amma shekara mai zuwa ba ya cikin ƙungiyar. Sun saɓa a kan kwangila, ya ƙetare zuwa Amurka. Prost ya maye gurbinsa, ya ci kambun 1993, ya yi ritaya da ya ji za a kawo abokin gabarsa Ayrton Senna.

Senna, wanda a motar Williams ya fara ɗanɗana Formula 1 wajen gwaji a 1983, tsere uku kawai ya yi wa ƙungiyar. Ran 1 ga Mayu, 1994, a filin Imola na Italiya, motarsa ta zarce a wata kwana ta daki bango, ya mutu yana da shekara 34. Hukumomin Italiya suka gurfanar da Williams da Head da Newey gaban shari'a, ana tuhumar sandar sitiyarin motar ce ta karye. An wanke Williams a 1997, ko da yake shari'ar ta yi ta jan ƙafa har 2007. Karo na biyu ke nan direba yana mutuwa a motarsa. Shekaru da yawa bayan haka, kowace motar Williams tana ɗauke da ƙaramin tambarin Senna a hancinta.

A 1996 Damon Hill yana kan hanyar cin kambu aka gaya masa ba a bukatarsa baɗi. Ya ci, ya tafi. Watau cikin zakaru bakwai da ƙungiyar ta fitar, huɗu ba su kare kambunsu a motarta ba: Piquet, da Mansell, da Prost, da Hill. Muddin mota ta fi ta kowa, wannan tsari bai cuci kowa ba sai direbobin, gama Jacques Villeneuve ya hau ya ci kambun 1997. Amma sallamar Hill ta ɓata wa Newey rai, don an yanke shawarar ba da saninsa ba, shi kuwa yana ganin ya isa a riƙa jin ta bakinsa. Ya koma McLaren, motocinsa suka ci kambun direbobi a 1998 da 1999, daga baya kuma ya yi wa Red Bull irin wannan aiki. Renault ma ta janye a ƙarshen 1997. Tun daga wannan shekara Williams ba ta sake ganin kambu ba.

Dama ta ƙarshe ta zo tare da kamfanin BMW na Jamus, wanda ya ba ƙungiyar injina daga 2000 zuwa 2005. Tare suka ci tsere 10, suka zo na biyu a 2002 da 2003. Jamusawan sun so su sami hannu a mallakar ƙungiyar, Williams ya ƙi sakin linzami. Suka je suka sayi ƙungiyar Sauber. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, mutumin da Wolf ya mayar bara kuma ba a yi mamakin ƙinsa ba. Sai dai kiɗa ya riga ya sauya. Zamanin da mutum biyu za su zauna a sito su doke duniya ya wuce, fagen ya koma na masu zuba ɗaruruwan miliyoyin dala kowace shekara. Bayan 2004, tsere ɗaya kacal ƙungiyar ta ƙara ci, wanda Pastor Maldonado ya ci a ƙasar Sifen a 2012, shi ne na 114. Ko a ranar ma, ana tsakiyar murna gobara ta tashi a garejinsu.

A 2013, shekarar da Virginia ta rasu, 'yarsu Claire ta zama mataimakiyar shugaba, ita ce ke tafiyar da aikin yau da kullum. Da injin Mercedes ƙungiya ta zo ta uku a 2014 da 2015, aka ce ko gida zai farfaɗo. Ina! A 2018 ta zo ta ƙarshe. A 2019 motar ba ta ma kammalu a kan lokacin gwaji ba, shekara ta ƙare da maki ɗaya tak. A 2020 annobar korona ta tsayar da tsere na watanni, babban mai ɗaukar nauyinsu kuma ya rabu da su. Zaɓi ya rage biyu: a riƙe suna har gida ya rushe a kan ɗaruruwan ma'aikatan da ke ci daga masana'antar Grove, ko a sayar. Cikin Agusta na 2020 aka sayar wa kamfanin zuba jari na Dorilton Capital na Amurka, iyalin kuma suka yi sallama bayan tseren Monza a watan Satumba. Abin takaici, a 2021 aka fara aiki da dokar ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe, dala miliyan 145, dokar da aka yi don ceton irinsu. Frank Williams ya rasu ran 28 ga Nuwamba, 2021, yana da shekara 79.

Yana da sauƙi a ce da ya sassauta wa Honda, ko Newey, ko BMW, da gidan bai fita daga hannun zuriyarsa ba. Wataƙila haka ne. Amma mai sauƙin kan da zai yi wannan sassauci, da tun 1970 ya bar fagen, ko kuwa da ya ci gaba da karɓar albashi a hannun Wolf, da kuma ba a sami gidan da za a yi wa kuka ba. Hali ɗaya ne, ba a iya ɗaukar rabinsa a bar rabi. Abin da uban ya kasa, 'yar ce ta yi shi, ta sha zagi a kansa, kuma saboda ita ne har yanzu motoci biyu ke fitowa daga Grove da sunan Williams a jikinsu. A 2025 sun kai ƙungiyar matsayi na biyar. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, amma sai wanda bai bar filin ba ne zai ga zagayowarta.