Ƙafa ta uku

A garin Maraɗi mafi yawan masu hawan babur neman abinci ne ya ɗora su bisansa, kamar ƴan kabu-kabu, saura kuwa gaggawa ce. Amma akwai wasu ƴan kaɗan da hanyar kanta suke so, waɗanda idan suka samu hutu sai su ɗaure jaka a baya su nufi wani gari da ba su da biki ko ta'aziyya a cikinsa. Mutumen da ake magana a kansa yana cikin waɗannan. Malamin gona ne, ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka bisa Yamaha DT 125 ta wurin aiki, daga baya ya sayi tasa irinta. Da ita ya je Damagaram ba sau ɗaya ba, ya je Tawa, ya kai Agadas, har ya taɓa zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, ya kwana biyu ya juyo. Abokansa na cewa yana ƙona esansi a banza, shi kuwa bai taɓa ɓata bakinsa wajen ba su amsa ba.

Haɗarin da ya tsayar da shi ba na gudu ba ne. Akuya ce ta gitta masa da magariba bisa hanyar Dakoro, ya taka birki cikin yashi, babur ya zame, ya faɗi zaune daɓas. Da aka ɗauki hoton bayansa sai aka ga ƙashi na farko daga cikin biyar ɗin da ke ƙasan gadon baya ya murƙushe ta gaba. Wurin nan, inda ƙasusuwan da ke riƙe da haƙarƙari suke haɗuwa da na ƙugu, shi ne ya fi yawan karyewa ga wanda ya faɗi a zaune, saboda nan ne sashen bayan da ba ya motsi sosai yake gamuwa da mai lanƙwasawa. Allah ya taimake shi lakar ba ta taɓu ba. Dangi sun so a kira maɗori, matarsa ta ƙi, kuma ta yi daidai: maɗori ya san hannu da ƙafa, amma karyayyen baya ba abin ja da murzawa ba ne.

Ya yi wata uku cikin rigar ɗaure baya, ya tashi ya yi tafiya da ƙafafunsa. Sai dai wani abu ya rage. Idan ya daɗe zaune ƙafar hagu tana yin sanyi, kuma ba ya iya dogara nauyi bisanta farat ɗaya. Mai babur kuwa duk inda ya tsaya ƙafa ɗaya ce ke riƙe da shi da ƙarfen da ya haura kilo 100. Likitan ya faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba cewa faɗuwa ta biyu tana iya zaunar da shi har abada.

Shekara biyu babur ɗin yana zaure, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Ya gwada zuwa Damagaram a motar haya, ya dawo ya ce shi bai je ko'ina ba, kai shi aka yi. Ya zama mai saurin fushi da yara, abin da ba halinsa ba.

A ƙasashen Turai da Amurka wanda ya samu kansa cikin wannan hali yana da zaɓi. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da MP3 a 2006, mai ƙafa biyu a gaba, wanda ke karkata a kwana kamar babur na sosai. Kamfanin BRP na Kanada ya fito da Can-Am Spyder a 2007, shi ma ƙafa biyu a gaba, amma ba ya karkata. Harley-Davidson ta fito da Tri Glide mai ƙafa biyu a baya. Ɗansa ya nuna masa hotunansu a waya, ya duba, ya tambayi wane makanike ne zai gyara su idan suka mutu tsakanin Agye da Gazawa. Maganar ta tsaya nan. Abin da kasuwar Maraɗi ke da shi, da kayan gyaransa a kowane lungu, shi ne adaidaita, ƙirar Indiya, wadda ta samo sunanta a Kano daga shirin A Daidaita Sahu na zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau (2003 zuwa 2011), kafin ta ƙetaro iyaka.

Kuɗin bai dame shi ba kamar kunyar. Mutumen da ya kai Agadas bisa DT, yau a gan shi cikin abin ɗaukar fasinja zuwa kasuwa? Abokan hira ba su raga masa ba. Ɗaya ya ce, “Malam, nawa za ka kai ni tasha?” Wani ya ce ai tsoho dama da ƙafa uku yake tafiya, sai dai shi sandarsa mai inji ce. Ya saya duk da haka. Ya sa aka yi wa kujerar direba majingina mai tsawo, aka ƙara soso, aka shafe ruwan ɗorawar da shuɗin fenti don kada a ɗauke shi ɗan haya. Fentin bai hana kowa ɗaga masa hannu ba.

Abin da bai zata ba shi ne sai ya sake koyon tuƙi tun daga farko, kuma shekarun da ya yi bisa babur sun zame masa cikas. Babur da jiki ake juya shi: mahayi ya karkata, ƙarfe ya bi shi. Adaidaita ba ta san wannan ba. Da hannu ake murɗa kanta, kuma a kwana tana tura mutum waje, idan ya shiga da gudu ƙafar baya ta ciki ta ɗaga sama. Makon farko sau biyu jikinsa ya karkata, keken ya miƙe abinsa ya nufi kwata.

Sa'annan ga maganar ramuka, wadda ita ce ta fi shafar mai ciwon baya. Babur sawu ɗaya yake bi, don haka ko gudron ya lalace, mai ido yana samun ɗan siririn wuri mai kyau ya ratsa. Mai ƙafa uku sawu uku yake bi. Ramin da ƙafar gaba ta kauce wa, ɗaya daga cikin na baya za ta faɗa masa. Ƙarfen ƙafar gaban DT inci 21 ne, yana haye ƙaramin rami ba a ji ba. Na adaidaita inci 8 ne, kowane rami sai ya shige ciki ya fito. A bisa babur kuma mutum na miƙewa bisa matakai gwiwoyi su shanye bugun, a nan kuwa yana zaune, bugun yana hawa kai tsaye ta gadon baya. Ƙafa ta uku ta raba shi da tsoron faɗuwa, amma jijjiga ta ƙaru. Duk wanda ya ce wa mai ciwon baya mai ƙafa uku ya fi taushi, bai hau shi bisa hanyar da damina ta ci ba. Maganin ɗaya ne, rage gudu, abin da bai taɓa so ba.

Tafiyarsa ta farko Damagaram ya nufa, wajen kilomita 240 bisa babbar hanya mai lamba 1. Da DT yakan tashi bayan asuba ya ci abincin rana can. Wannan karon kwana biyu ya yi. Ba ya wuce kilomita 40 a awa, kuma kafin awa ta cika sai ya tsaya ya sauka, ya taka, ya shimfiɗa tabarma gindin gawo ya miƙe bayansa. Manyan motoci idan sun wuce iskarsu tana ture shi gefen hanya. A wani shingen jandarmomi an tambaye shi ina fasinjojinsa, da ya ce yawo ne kawai ya fito, jandarman ya sake duba takardun, ya dube shi, ya ce, “Baba, Allah ya kiyaye hanya.” Ya kwana Tasawa, garin da ya ratsa sau da yawa bai taɓa ganin safiyarsa ba. Washegari ya bi ta Takeita ya shiga Damagaram da la'asar, ƙugunsa na zafi, ya zauna gaban fadar Sarki a Birni har aka kira magariba.

Akwai wuraren da ya san ya yi ban kwana da su. Hanyoyin yashi na ƙauyukan da ya yi aiki ba sa karɓar ƙananan ƙafafu. Wasu wuraren kuma ba bayansa ne ya rufe masa su ba: matsalar tsaro ta sa an hana zirga-zirgar babura a jihar Difa a 2015, da wasu sassan Tilaberi a 2020. Yanzu taswirarsa gudron ce, daga Ƙonni zuwa Damagaram.

A tafiya ta biyu, wadda ya yi yamma ta Madawa da Galmi, matarsa ta shiga baya da kwanon tuwo da butar ruwa. Tun aurensu ba ta taɓa yarda ta hau DT ba. A Galmi ta sa shi ya tsaya ta sayi buhun albasa, ya yi ƙorafin nauyi har Malbaza, amma ya lura keken ya fi zama bisa hanya da kaya a bayansa.

Babur ɗin yana nan zaure. Babban ɗansa ya roƙe shi sau biyu ya ba shi, ya ce masa a bari tukuna.